Kafin Ku Danna Sabunta Waya: Shawarwari 13 ga Magidanta da Iyalansu

Da wuya yau a shiga gida a rasa wayar zamani ko da guda ɗaya, kuma aikinta ya wuce kira da gaisuwa. Ta cikinta kuɗin cefane yake shiga ya fita, a cikinta hotunan suna da na biki suke, ta nan uwargida take karɓar cinikin turare ko atamfa, ta nan ɗalibi yake duba sakamakon jarrabawa. Duk waɗannan ayyuka sun dogara ne da babbar manhajar da ke tafiyar da wayar: Android ta kamfanin Google a wayoyin Tecno, Infinix, itel, Samsung, Redmi da ire-irensu, ko iOS ta kamfanin Apple a iPhone.

Lokaci zuwa lokaci saƙo kan faɗo cewa akwai sabuntawa tana jira, kuma a nan mutanenmu suka rabu gida biyu. Wasu da zarar sun ji an fitar da sabuwar Android sai su ƙosa, kullum suna dubawa, har ta kai su ga ɗaukar lafiyayyar waya su kai kasuwa a yi mata filashin. Wasu kuma sai su yi ta ture saƙon wata da watanni, don tsoron ƙarewar data ko don an ce musu afdet yana kashe waya. Duka biyun asara suke jawowa. Sabuntawa tana da hanyar da take bi da lokacin da take isowa. Aikin mutanen gida shi ne su san hanyar, su yi shiri, su karɓe ta idan ta zo ta ƙofar da ta dace.

1. Ku san zangon da sabuntawa take yi kafin ta iso hannunku.

Ranar da Google ya sanar da sabuwar Android ba ita ce ranar da za ta shigo wayarku ba. Tafiyarta irin ta buhun sukari ce, daga masana'anta zuwa babban dila a kasuwar Singa, daga shi zuwa mai sari, kafin ta kai ga mai tebur a unguwa, kuma kowane zango da nasa jinkirin. Google ne ke sakin asalin manhajar. Daga nan kamfanonin da ke ƙera firosesa, irin su Qualcomm, MediaTek da Unisoc, su daidaita ta da na'urorinsu. Sai kamfanin wayar ya ɗora nasa tsarin a kai: Samsung yana da One UI, Tecno yana da HiOS, Infinix XOS, Xiaomi kuma HyperOS. Kowane samfurin waya sai an gwada shi daban, daga kyamara zuwa sabis zuwa na'urar karanta zanen yatsa. A ƙasashe irin su Amurka, kamfanonin layi ma sai sun yi nasu gwajin kafin su bar ta ta wuce.

Android 15 ta isa wayoyin Pixel na Google a watan Oktoban 2024, amma masu Galaxy S24, wadda ke cikin manyan wayoyin Samsung, ba su fara samun ta ba sai a Afrilun 2025. Wata shida ke nan. Tun 2017 Google ya sake fasalin Android don rage wannan jinkiri, da wani shiri mai suna Project Treble, kuma an samu sauƙi, sai dai zangon yana nan. Lamarin iPhone daban ne, domin Apple ne ke tsara wayar da firosesarta da manhajarta. Shi ya sa yake sakin sabuwar iOS ga kowa a rana guda, galibi a watan Satumba: iOS 18 ta fito ranar 16 ga Satumban 2024, iOS 26 kuma ranar 15 ga Satumban 2025.

2. Ku bambance babbar sabuntawa da facin tsaro.

Babbar sabuntawa ita ce mai canza lamba, kamar daga Android 14 zuwa 15. Ita ke zuwa da sabon fasali da sabbin abubuwa, ita kuma ake ta ɗokinta. Facin tsaro ƙarami ne, ba ya canza komai a ido, amma shi ya fi muhimmanci ga gidan da ke ajiye kuɗi a waya, domin shi ke toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi.

A watan Yulin 2015 masu bincike suka bankaɗo wani aibi a Android da aka sa wa suna Stagefright, wanda ta hanyarsa saƙon hoto ko bidiyo kaɗai kan iya buɗe wa maƙetaci waya. An ƙiyasta cewa ya shafi wayoyi kusan miliyan 950. Daga watan Agustan shekarar ne Google ya fara fitar da facin tsaro wata-wata. Kamfanonin waya kuma kowa da yadda yake isar da shi: wasu samfuran duk wata, wasu duk wata uku, wasu sai sau biyu a shekara. Abin lura shi ne, da zarar an fitar da faci an bayyana inda kafar take, ɓarayi ma sun ji. Wayar da ba a yi wa facin ba ta fi shiga haɗari bayan sanarwar fiye da kafinta.

Akwai kuma ta uku, sabuntawar tsarin Google Play, wadda ta fara da Android 10 a 2019. Ita kai tsaye take zuwa daga Google ba tare da ta bi ta hannun kamfanin wayar ba.

3. Ku duba matsayin kowace waya da ke gidan.

A wayar Android da aka saita da Turanci, ku shiga "Settings", ku gangara zuwa "About phone", ku nemi "Android version". A nan za ku ga lambar Android ɗin da kwanan watan facin tsaro na ƙarshe. Wajen neman sabuwa kuma yana ƙarƙashin "System update" ko "Software update". A iPhone ku shiga "Settings", sai "General", sai "Software Update". Masu wayar Android da aka saita da Faransanci, kamar yawancin 'yan'uwanmu na Nijar, su nemi "Paramètres" sannan "Mise à jour".

Ku samu ɗan littafi ku rubuta sunan kowace waya, cikakkiyar lambar samfurinta, lambar Android ko iOS, da kwanan watan facin. Kada a manta da wayar Hajiya da ta Baba, domin galibi su ne ake bari a baya, alhali ta nan 'ya'ya ke turo musu kuɗi. Idan kwanan watan facin ya haura shekara guda, kuma wayar ta ce babu sabuwa, to alama ce kamfanin ya daina kula da wannan samfurin, sai a duba shawara ta 13.

4. Idan ta maƙwabci ta samu taku ba ta samu ba, kada ku tayar da hankali.

Kamfanoni ba sa sakin sabuntawa ga kowa lokaci guda. Da gangan suke rarraba ta kashi-kashi. Wani injiniyan Google, Dan Morrill, ya taɓa bayyana tsarin a 2013: a fara da kashi 1 cikin 100 na wayoyi na kwana ɗaya zuwa biyu, a sa ido a ga ko akwai matsala, sannan a ƙara zuwa kashi 25, sai 50, sai kowa da kowa cikin mako ɗaya ko biyu. Danna wajen dubawa sau ashirin a wuni ba ya sa layi ya zo kanku da wuri.

Wannan jinkiri kariya ce gare ku. A Satumban 2014 Apple ya saki iOS 8.0.1, sai masu iPhone 6 da suka yi saurin ɗora ta suka tarar ba su da sabis, na'urar zanen yatsa ma ta daina aiki, dole kamfanin ya janye ta a ranar. A Afrilun 2025 Samsung ya dakatar da rabon One UI 7 na 'yan kwanaki bayan an gano matsala, ya gyara sannan ya ci gaba. Waɗanda layi bai kai kansu ba sun tsira ba tare da sun sani ba. Ban da haka, wayoyi biyu masu suna ɗaya kan iya bambanta a ƙasar da aka yi su dominta. Wadda aka shigo da ita daga Dubai da wadda aka shigo da ita daga Ingila ba lallai su samu a mako ɗaya ba.

5. Kada ku taɓa karɓar sabuntawa ta saƙon tes, WhatsApp ko talla.

Sabuntawar gaskiya ƙofa ɗaya gare ta, cikin saitin wayar. Duk saƙon da ya ce ku latsa wani adireshi don sabunta waya, ko tallar da ta faɗo da jan rubutu tana cewa wayarku ta kamu da cuta, tarko ne. Haka duk fayil mai ƙarewa da .apk da aka turo a zaure da sunan sabuwar Android.

A 2021 wata muguwar manhaja mai suna FluBot ta bazu a Turai da Ostireliya da wasu ƙasashe. Takan zo a matsayin saƙon cewa an aiko maka da kaya, daga baya ta koma zuwa da sunan facin tsaro. Idan ta shiga waya sai ta kwashe bayanan banki, ta karanta saƙonnin tes har da lambobin sirrin da banki ke turowa, ta kuma aika kanta ga wasu mutane daga wayar. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta gargaɗi jama'a a kanta a Oktoban 2021, kuma sai a 2022 'yan sandan ƙasashe 11 suka haɗu suka rushe cibiyarta. An kawar da waccan, amma dabarar tana nan.

Ku koya wa yara da tsofaffi wannan ƙa'ida: sabuntawa kyauta ce. Ba ta tambayar lambar BVN ko NIN, ba ta tambayar lambar katin ATM, ba ta neman lambar da banki ya turo. Abin da kawai takan nema shi ne makullin fuskar wayar.

6. Ku ajiye kwafin kayanku kafin babbar sabuntawa.

Galibi sabuntawa ba ta goge komai, amma rigakafi ya fi magani. Ku fara da abin da ba ya sayuwa: lambobin mutane, hotunan iyayen da suka rasu, hotunan takardun fili da na makaranta, lissafin adashe, da saƙonnin muryar da aka yi cinikin bashi a cikinsu.

Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos suke rabawa, kuma daga 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma cikin wannan kason take ci. Apple yana ba da gigabait 5 ne kawai a iCloud. Saboda haka kada ku ɗauka ajiyar tana tafiya da kanta. Ku shiga saitin WhatsApp, wajen ajiyar hira, ku duba kwanan watan ajiya ta ƙarshe da idonku. Mutane da yawa sai ranar da waya ta lalace suke gane cewa wurin ya cika tun bara. Hotuna da bidiyo masu nauyi a kwashe su zuwa kwamfuta, memori ko filas, a adana a gida.

7. Ku tabbatar kun san kalmar sirrin asusun wayar.

Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa a gidajenmu. An je shago an sayi waya, yaron shago ya karɓa ya buɗe Gmail cikin minti biyu, ya rubuta kalmar sirrin da biro a jikin kwali, aka dawo gida ana murna. Bayan wata biyu kwalin ya zama na ajiye allura da zare, daga baya aka share shi da shara. Shekara biyu waya tana aiki lafiya, babu wanda ya sake tunawa.

Ranar da aka yi wa wayar wankin gaba ɗaya, sai ta tsaya ta ce a sa asusun da ke kanta a da. Wannan kariya ce daga ɓarayi, tana cikin Android tun 2015, a iPhone kuma tun iOS 7 ta 2013, sai dai ba ta bambance ɓarawo da mai waya da ya manta. Don haka tun waya tana lafiya ku gwada shiga asusun. Idan kalmar ta ɓace ku canza ta yanzu, ku rubuta, ku ajiye inda kuke ajiye takardun gida. Ku duba kuma lambar wayar da aka haɗa da asusun, ku tabbatar taku ce kuma tana aiki, domin layin da ya daɗe a ajiye kamfani kan sake sayar da shi ga wani. Sannan ku tuna, idan waya ta sake tashi bayan sabuntawa ba ta karɓar zanen yatsa ko fuska a karon farko, sai lamba ko zanen makulli. Dattijon da jikansa ya saka masa makulli, a tabbatar ya san shi kafin a fara.

8. Ku tanadi caji, sarari da data.

Google yana ba da shawarar caji ya kai kashi 75 kafin babbar sabuntawa. A inda wuta ba ta da tabbas, a cika batir tukuna, a ajiye fawa bank a kusa. Da an danna, fuskar wayar za ta yi baƙi, tambarin kamfani ya fito, wani siririn layi ya riƙa jan jiki a ƙasansa. Yakan tsaya wuri guda minti biyar ko goma kamar ya maƙale. A wannan lokacin kada a danne maɓallin kashewa, kada a bar ta inda yaro zai ɗauka. Wayoyi da yawa na yanzu suna da tsarin da ya fara da Android 7 a 2016, inda ake ɗora sabuwar manhaja a wani ɓangare daban yayin da tsohuwar ke aiki, idan an samu tangarɗa wayar ta koma kan tsohuwar. Amma ba kowace waya ke da shi ba, musamman tsofaffi.

Facin tsaro ba shi da nauyi sosai, amma babbar sabuntawa kan kai gigabait biyu, uku, har fiye. Wayar takan nuna nauyin kafin a fara saukewa, sai a duba. A samar mata sarari fiye da nauyin nata, kuma wurin da ya fi saurin ba da sarari shi ne bidiyoyin zaurukan WhatsApp. Wanda ba shi da Wi-Fi zai iya sayen datar dare mai rahusa da kamfanonin layi ke sayarwa. Idan wayar ta ƙi saukewa sai da Wi-Fi, a sa datar a wata wayar a kunna hotspot. A kuma saita waya kada ta riƙa sauke manyan abubuwa da datar layi ba da izini ba.

9. Ku zaɓi lokacin da ya dace.

Facin tsaro kada ya wuce kwana ɗaya ko biyu yana jira. Babbar sabuntawa kuwa babu laifi a ba ta mako guda, a ji yadda ta yi wa masu irin wayar. Kada a yi ta daren da za a kama hanya da asuba, ko ana gobe tashin maniyyaci, ko ranar kasuwa ga wanda ke karɓar kuɗin ciniki ta tiransifa, ko makon da ɗalibi ke jiran saƙon cibiyar jarrabawa. Mai sana'ar POS da mai sayar da kaya ta intanet su bari sai sun tashi daga aiki, a daren da gobensa ba su da matsi. Idan akwai waya iri ɗaya guda biyu a gida, a fara da wadda ba a harkar kuɗi da ita, a ga kamun ludayinta kwana biyu, sannan a yi wa ɗayar.

10. Bayan an gama, ku ba wayar kwana biyu zuwa uku.

Ba abin mamaki ba ne waya ta ɗan yi zafi ko caji ya riƙa saurin sauka a kwanakin farko, domin tana sake tsara manhajoji da hotuna a ɓoye. Ku shiga Play Store ko App Store ku sabunta sauran manhajojin, musamman na banki, don su dace da sabon tsarin. Ku gwada kira, kyamara, lasifika da tura kuɗi kaɗan. Idan wata manhaja ta riƙa rufe kanta, a kashe waya a kunna, in ta ci gaba a goge manhajar a sake ɗora ta daga shagon hukuma.

Maganar cewa afdet yana rage wa waya gudu tana da tushe. A Disambar 2017 Apple ya amsa cewa yana rage gudun wasu tsofaffin iPhone masu gajiyayyen batir don kada su riƙa mutuwa ba zato, ba tare da ya sanar da masu su ba. Ya nemi afuwa, ya rage kuɗin canjin batir daga dala 79 zuwa 29, kuma a 2020 Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25. Darasin da ke ciki shi ne, sau da yawa batir ne ya tsufa. Wayar da ta shekara uku tana aiki, canza mata batir mai kyau ya fi hana ta facin tsaro amfani.

11. Ku nisanci manhajar gwaji da filashin da babu dalili.

Google da Apple da Samsung duk suna fitar da manhajar gwaji, wadda ake kira beta, watanni kafin ta ainihi. An yi ta ne don masu ƙirƙirar manhajoji da masu wayar da ba su dogara da ita ba. Manhajar banki kan iya ƙin buɗewa a kanta, kuma komawa baya yakan tilasta goge duk abin da ke cikin wayar. Matashin gida mai son gwaje-gwaje ya yi a tasa, ban da ta mahaifiyarsa.

Haka batun filashin. Masu gyaran waya suna da rana, kuma sun ceto wayoyi da yawa da suka mutu. Amma ɗora wa lafiyayyar waya manhajar da aka samo daga inda ba a sani ba, don kawai lambar Android ta ƙaru, sauri ne mai haifar da nawa. Idan aka ɗora ta wani samfurin, sabis kan iya ɗaukewa ko kyamara ta daina aiki, wayar ta daina samun sabuntawar kamfani, wasu bankunan kuma manhajarsu ba ta aiki a wayar da aka fasa wa makullin tsari. Idan gyara ya zama dole, a fara da cibiyar da kamfanin ya amince da ita, kamar Carlcare ga masu Tecno, Infinix da itel, musamman in garanti bai ƙare ba. Kafin a miƙa waya ga kowa, a cire layi da memori, a fita daga manhajojin banki.

12. Ranar sayen waya, ku tambayi shekarun da za ta yi tana samun sabuntawa.

Mun saba tambayar girman kyamara, ƙarfin batir da yawan memori. A ƙara da wannan tambayar, domin ita ke nuna tsawon rayuwar wayar. Google ya yi wa Pixel 8 ta 2023 alƙawarin shekara bakwai. Samsung ya yi wa Galaxy S24 ta 2024 shekara bakwai, ya kuma yi wa Galaxy A16, wadda ba ta cikin masu tsada, shekara shida. iPhone 11 ta 2019 ta samu iOS 26, amma iPhone XR ta 2018 ta tsaya a iOS 18. Tarayyar Turai ma ta sa doka daga 20 ga Yunin 2025 cewa sabbin wayoyin da ake sayarwa a can su ci gaba da samun sabuntawa aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin. Wayoyi masu araha da yawa kuwa babbar sabuntawa ɗaya ko biyu suke samu, wasu ma a kan lambar da suka zo da ita suke ƙarewa. A duba abin da kamfanin ya rubuta game da ainihin samfurin, kada a tsaya ga maganar baki.

Mai sayen ta hannu a Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ya sani cewa alƙawarin kamfani daga shekarar da samfurin ya fito yake fara ƙirguwa, ba daga ranar da shi ya saya ba. Tun a gaban mai shago ya duba kwanan watan facin, ya tabbatar an cire asusun mai ita na farko. Wasu wayoyin da aka yi wa kamfanonin layin Amurka kan yi wahalar samun sabuntawa idan sun bar ƙasar, waɗanda aka yi don kasuwar cikin Sin kuma galibi ba sa zuwa da manhajojin Google. Don gane jabu, a shiga saitin Play Store, wajen "About", a ga ko an rubuta cewa wayar tana da shaidar Play Protect.

13. Wayar da kamfani ya daina kula da ita, ku sauya mata aiki.

Ba sai an jefar da ita ba, kuma ba kowa ke da halin sayen sabuwa nan take ba. Abin yi shi ne a rage abin da aka ɗora mata. A mayar da manhajar banki da layin da ke karɓar saƙon kuɗi kan wayar da ta fi sabunta a gidan. Tsohuwar ta zama ta sauraron karatun Alƙur'ani da wa'azi, ta rediyo, ta darussan yara, ta kira. Idan dole da ita za a ci gaba da harkar kuɗi, to a riƙa sabunta manhajojinta da burauzarta daga Play Store, kada a ɗora komai daga waje, a kuma rage adadin kuɗin da za a iya turawa a rana.

A sani kuma cewa manhajoji da kansu za su riƙa janye jiki. Daga Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ba su kai Android 5 ba, bankuna ma sukan ɗaga nasu matakin lokaci zuwa lokaci. Gara a fara tara kuɗin canji sannu a hankali da a wayi gari manhajar da ake cin abinci da ita ta ƙi buɗewa. In za a sayar da tsohuwar ko a bayar da ita kyauta, a cire asusu tukuna sannan a goge komai.

Duk waɗannan ba sa buƙatar ilimin kwamfuta. Abin da suke buƙata shi ne a ɗora wa mutum ɗaya a gida alhakinsu, ko maigida, ko uwargida, ko wani mai hankali cikin 'ya'ya. Sau ɗaya a wata ya bi wayoyin gidan ɗaya bayan ɗaya, ya duba faci, ya duba ajiya, ya tambayi tsofaffi ko wani baƙon saƙo ya shigo musu. Aikin bai fi na rabin sa'a ba, kuma dukiya da sirrin iyali yake karewa. Ku sa ranar tun yau, ku fara da wayar da kuɗin gida ke bi ta cikinta.